Benen da Aka Gina a Kan Kududdufi

An yi wani mutum a cikin birnin nan namu, a wani lungu da ke tsakanin Mandawari da Jakara. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Wanda ya gane shi ya bar wa cikinsa. Wanda bai gane shi ba, labarin ma ya ishe shi.

Ɗan gidan magina ne gaba da baya. Kakansa ya gina soraye a birnin nan waɗanda har yau ana ɗaura aure a cikinsu. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanin mahaifin, Malam Maharazu, ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa, ya koya masa sana'ar gidansu tun daga kwaɓa ƙasa har ɗora azara.

Ya 'yan uwa, da yawanmu a gidan ƙasa muka tashi, amma ba mu taɓa tsayawa mun duba hikimar da ke cikinsa ba. Iyayenmu ba su je wata duniya neman kayan gini ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka haƙa, suka kwaɓa da ciyawa, suka bar ta ta kwana ta nuna, suka mulmula tubali rana ta busar musu. Bango su yi shi da kauri daga ƙasa, yana tafiya yana sirancewa. Ka shiga ɗakin da tsakar rana a bazara, ka ji kamar an yayyafa ruwa, ba fanka ba janareta. Ko tokar da ake kwashewa daga rijiyoyin marina na Ƙofar Mata ba a zubar da ita, magina na karɓa su haɗa abin da suke shafe rufi da shi don kada ya yi yoyo. In gida ya tsufa ya gaji, ƙasarsa za a sake jiƙawa a tayar da sabo. Ramin da aka ɗebi ƙasar kuwa shi ne kududdufin unguwa, duk ruwan da ya sauko daga indararo can yake gangarawa ya kwanta. Wa ya koya musu wannan? Allah ne ya ba su basira, su kuma suka riƙe ta da amana.

A cikin wannan sana'a mutumin ya tashi, kuma Allah ya hore masa ido. Yakan tsaya daga nesa ya kalli bango ya ce wannan ya karkata, a auna a tarar haka ne. Malam Maharazu ba mai yawan yabo ba ne, amma an sha jin sa yana cewa a duk waɗanda suka bi ta hannunsa babu kamar ɗan wansa.

Da ya zama saurayi sai ya fita bayan gari ya shiga aikin bulo da siminti wajen wani ɗan kwangila. Babu laifi a nan. Siminti ba haram ba ne, kuma baffan nasa da kansa ya sa masa albarka. Ya fara a birkila, ya zama shugaban ma'aikata, kafin shekara goma sha biyar ya zama shi ke karɓar aiki yana ba wasu. Ya yi aure, ya sayi mota, ya je Makka ya dawo, aka shiga ce masa Alhaji.

Daga nan cutar ta fara, kuma a zuciya ta fara. Ya soma jin kunyar inda ya fito. Wata rana a wurin wani ɗaurin aure, wani dattijo ya nuna shi ga baƙi cikin jin daɗi, ya ce ga jikan wane magini. Sai ya ɓata rai, ya ce shi ba mai wasa da taɓo ba ne. Maganar ta je kunnen Malam Maharazu kafin azahar. 

A bayan unguwarsu akwai wani tsohon kududdufi, wanda daga cikinsa aka ɗebi ƙasar kusan kowane gida a lungun. Mutumin ya daɗe yana kallon wurin. Ba don ya rasa fili ba, yana da filaye a bayan gari. Abin da yake so shi ne ya kafa bene hawa huɗu a tsakiyar unguwar da ta san shi da taɓo har gwiwa, yadda duk wanda ya fito daga gidansa da safe sai ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensa. Ya bi ta inda ya bi ya samo takardu. Wata safiya mutane suka tashi suka ga tifa na juye kaya a bakin ruwan.

Da ma ƙasa mai kyau ya zuba, da da sauƙi. Shara ce. Ya sa aka riƙa kwaso masa bola daga ko'ina, leda da tsumma da ruɓaɓɓen kaya, ana turawa cikin ramin. Da ya cika sai aka baza jar ƙasa a sama, katafila ta bi ta kai sau biyu, wuri ya yi fes kamar filin idi.

Malam Maharazu ya tako da sandarsa har wurin. A lokacin ya haura saba'in. Ya daɗe yana tsaye yana duba lungunan da ke gangarowa, sannan ya kira ɗan wan nasa gefe, don kada ya yi masa magana a gaban ma'aikata.

Ya ce, “Ruwan gidajen nan duka, ina za shi?”

Ya ce, “Baffa, ruwa ai ba ya rasa hanya.”

Ya ce, “Gaskiya ne, ba ya rasawa. Ɗakunan mutane zai shiga. Kuma kai ma ka san abin da ka binne a nan ba zai ɗauki bene ba.”

Mutumin ya yi murmushi, ya ce wannan ilimin zamani ne, ba irin wanda Baffa ya sani ba. Ya sa direba ya mayar da tsohon gida a mota. Tsohon ya ce ƙafarsa ta ishe shi.

To, bari mu ga abin da ilimin zamanin ya ce. Ya ɗauko wata injiniya, Malama Na'ima, 'yar cikin birni ce ita ma, don ta zana masa ginin ta sa hannu. Ta zo da ma'aikatanta suka huda ƙasar, abin da ya fito baƙin ruwa ne mai wari da leda. Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa sai an kwashe sharar nan duka an kai ga ƙasa mai ƙarfi, sai an bar wa ruwa wani ɓangare na ramin, an yi masa babbar kwata, kuma ko an yi haka kada ginin ya wuce hawa biyu. Ya lallashe ta, ya yi mata alkawarin wasu ayyuka manya a gaba. Ta naɗe takardunta ta ce ba za ta sa sunanta a kan abin da zai kashe mutane ba. Ta fita, ba ta sake waiwayar wurin ba. Shi kuma ya sami wanda ya sa masa hannu ba tare da ya taɓa taka filin ba.

Kun ga dai, tsohon magini da 'yar boko bakinsu ya zo ɗaya. Allah ya aiko masa da gargaɗi ta ƙofa biyu. Wace hujja ta rage masa?

Gini ya tashi cikin gaggawa. Inda ya kamata a sa rodi mai kauri ya sa siriri. Buhun simintin da ya kamata ya fitar da bulo talatin sai da ya fitar da kusan ninkinsa, har in ka murza gefen bulon da yatsa sai ya zubo. Amma da aka yi fenti, aka sa gilasai masu duhu da tayil mai sheƙi, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya kallo. Ƙasa shaguna, tsakiya 'yan haya, can sama kuma ya kwaso iyalinsa ya zuba. Da yamma yakan fito baranda ya jingina, yana kallon rufin gidajen unguwa a ƙarƙashinsa, har da na gidan da aka haife shi. A wannan lokacin ji yake duk birnin babu kamarsa.

Sai damina ta faɗi.

Ruwa ya gangaro ta lungunan da ya saba bi tun zamanin kakanni, ya zo ya tarar da katanga. Ya koma da baya. Ya cika tsakar gidaje, ya kwanta a gindin bangaye kwana da kwanaki. Ginin ƙasa yana jure ruwan sama in ana kula da rufinsa da yaɓensa, amma ba a yi shi don ya tsaya a cikin tafki ba. Gida bakwai suka zube a wannan damina.

Cikinsu har da na wata tsohuwa, Iya Asibi, wadda ta shekara arba'in tana daka fura a lungun. Ita ta yi wa mahaifiyar mutumin nan wankan jego lokacin da aka haife shi. Bangon ɗakinta ya faɗo da hantsi tana tsakar gida, Allah ya tsare ranta, amma gadonta da kwallayenta da duk abin da ta tara a rayuwa suka tafi cikin taɓo.

Mai unguwa ya tara dattawa suka je suka same shi. Ya bar su tsaye a ƙofar shagunan, ya sauko da carbi a hannu. Ya ce shi ma abin ya dame shi, amma laifin ginin ƙasa ne, zamaninsa ya wuce, wanda yake so ya sayar masa da filinsa ya koma bayan gari. Yana faɗa yana kallon gindin bangayen da suka rage, inda ruwa ya zana layi har ƙugu. Idon nan nasa bai mutu ba. Ya san abin da ya ci gidajen, ya fi kowa a wurin sani. Ya zalunci maƙwabta, sannan ya ɗora wa sana'ar iyayensa laifin.

Iya Asibi tana can baya, 'yarta Turai na riƙe da ita. Ta matso a hankali, ta dube shi, ta ce, “Ɗan nan, ni ba filina na zo sayarwa ba. Na zo ne in ji ka ce ka yi kuskure. Tun da ba ka ce ba, shi ke nan, akwai mai ji.”

Ta juya. Turai ta tafi da ita gidan aurenta a can wajen gari.

Rani ya shigo, ƙasa ta bushe, magana ta lafa. Mutumin ya ɗauka an wuce wurin. Amma a ƙarƙashin benensa shara na ruɓewa, tana sauka a hankali. Da farko ƙofar ɗakinsa ce ta ƙi rufuwa, ya sa kafinta ya fiƙe ta. Sai tayil ya fara fashewa a shagunan gabas. Da damina ta biyu ta kama, wata tsaga ta fito daga kusurwar taga ta haura a karkace har hawa na biyu. Ya tsaya a gabanta shi kaɗai, ya sa yatsa ya shige. Tun yana yaro aka koya masa abin da irin wannan tsaga ke nufi. Ya san abin da ya kamata ya yi. Amma in ya ce mutane su fita, ai ya yarda ke nan tsohon ya fi shi gaskiya, kuma duk unguwa za ta ji. Sai ya sa aka cusa siminti a tsagar aka bi da fenti.

Fenti bai rufe wa Malam Maharazu ido ba. Yana dawowa daga masallaci ya ga yadda ginin ya sunkuya gabas. Ya aika a kira masa ɗan wansa, bai zo ba. Ya hau benen da kansa, yana hutawa a kowane hawa, aka ce masa Alhaji na barci. Sai tsohon ya sauko ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, da ɗakunan 'yan haya, yana ce wa kowa ya kwashe kayansa ya fita kafin wani ruwan.

Ya 'yan uwa, ku dubi abin da mutunci yake yi. Tsohon nan ba shi da takarda, ba shi da ɗan sanda a bayansa. Amma shekara hamsin yana gini a birnin nan, ba a taɓa cewa bangonsa ya faɗa wa wani ba. Da ya ce a fita, aka fita. Masu shaguna suka kwashe kaya a kura da baro. Maƙwabtan da ruwa ya ci wa gidaje bara, su ne suka buɗe zaurukansu suka ajiye wa 'yan hayar kaya. Hajiya Sa'ida, matar mai benen, ta roƙi mijinta har da kuka, ya ce duk wanda ya fita daga gidan kada ya dawo. Ta dubi 'ya'yanta, ta ɗauki mayafinta ta tasa su gaba zuwa gidan iyayenta.

Ranar nan mai benen ya fito bakin titi yana faɗa, jama'a na ji. Ya ce baffansa hassada ke cin sa, tsufa ya taɓa masa hankali. Mutumin da ya ci da shi ya sha da shi, ya ɗora hannunsa a kan sana'a. Aka ce Malam Maharazu na zaune a dakalin ƙofar gidansa yana jin komai, bai ɗaga kai ba.

Aka kwana uku ana ruwa. A rana ta huɗu da safe aka ɗauke. Mutumin ya kira wani birkila mai suna Hambali, wanda ya fi shekara goma yana yi masa aiki, ya ce ya zo su toshe tsagar da ta sake buɗewa, don yana so ya nuna wa mutane ginin lafiya lau yake. Hambali ya ji tsoro, amma yana da iyali, kuma bai saba ce wa maigidansa a'a ba. Suna cikin shagon gabas, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka ji ƙara kamar an fasa dutse. Benen ya durƙusa ta gefe ɗaya, sannan ya zauna gaba ɗaya.

Kafin motocin agaji su sami hanyar shigowa lungun, mutanen unguwa sun riga sun hau kan tarkacen da hannu da shebur da kwanon gini. Babu wanda ya tsaya tuna abin da aka yi masa. Mata na miƙo ruwa, maza na ɗaga kankare. Malam Maharazu na tsaye da sandarsa yana nuna musu wanda za a ɗaga da wanda in an taɓa sauran zai rufto. Bayan la'asar aka zaro mutumin da rai, ƙugunsa a karye. Da ya buɗe ido, fuskokin da ya gani a kansa na mutanen da ya bari tsaye a ƙofar shago ne. Hambali kuwa gawarsa aka fitar. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Daga asibiti sai kotu. Malama Na'ima ta zo ta ba da shaida, ta kawo sakamakon gwajin da ta yi tun farko, da kwanan wata a jiki. Aka ɗaure shi. Waɗanda ya yi wa gine-gine a baya suka shiga kiran masana su duba musu, aka yi ta gano ha'inci. Filaye da motoci duk suka tafi. Sunan da ya so a riƙa faɗa da girma ya zama in an ambace shi sai a yi tsaki.

Unguwa kuma ba ta zauna jiran kowa ba. Aka yi gayya, Asabar bayan Asabar, aka kwashe tarkacen, aka tono sharar, aka mayar wa ruwa wurinsa, aka dasa itatuwa a gefe. Malam Maharazu da Malama Na'ima suka haɗa kai wajen tayar da gidajen da suka zube. Ita ta kawo shawarar a yi harsashi da dutse ya ɗago sama da inda ruwa ke kaiwa, ta kawo wani ɗan injin hannu mai matse jar ƙasa ta fito kamar bulo. Shi kuma ya nuna kaurin bango da inda taga za ta fuskanta don iska. Samarin da a da suke ƙyamar taɓo suka tuɓe riguna suka shiga kwaɓa. Yau ɗalibai daga makarantu suke zuwa lungun da littattafansu suna tambaya. Wannan aikin mutanenmu ne, kuma ya isa a yi alfahari da shi.

Bayan shekaru mutumin ya fito, yana dogara sanduna biyu. Zaman da ya yi ya sa ya yi tunani. Ya je ya durƙusa gaban baffansa, tsohon ya ce shi tun ranar ya yafe. Ya je wajen matar Hambali, ta yi masa magana ta bayan labule, ta ce ta ji, Allah ya ba ta ikon yafewa wata rana. Sai ya nemi a kai shi wajen Iya Asibi.

Turai ce ta fito. Ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kuka. Ta bari har ya gama, sannan ta ce, “Iya ta rasu shekara biyu ke nan, kafin aikin gayya ya kai kan gidanta. Har ta koma ga Allah tana tambaya ko an gyara ɗakinta. Abin da ka yi mini ni na yafe. Nata kuwa ba a hannuna yake ba.”

Ya daɗe zaune a ƙofar gidan. Kalma ɗaya tsohuwar ta zo nema a wurinsa, lokacin da faɗinta ba zai rage shi da komai ba. Yanzu ga ta a bakinsa, babu wanda zai ba.

Ya 'yan uwa, ba ruwan sama ne ya rushe mutumin nan ba, ba kuma rashin sani ba. Ya san komai. Girman kai ne ya hana shi aiki da abin da ya sani. Duk wanda Allah ya ba sana'ar gini, ya sani rayukan mutane aka damƙa masa, waɗanda za su kwanta a ƙarƙashin rufinsa ba tare da sun ga abin da ya binne a harsashi ba. Kai mai cike hanyar ruwa don ka ƙara shago ɗaya, ka tambayi kanka ɗakin wa ruwan zai shiga? Kai mai rage siminti, in an ce ɗanka ne zai kwana a ɗakin, za ka rage? Ƙasar nan aro aka ba mu. Waɗanda suka riga mu sun zauna a kanta ɗaruruwan shekaru suka miƙo mana ita ana iya zama, mu ma za a tambaye mu yadda muka bar ta. Kuma wanda yake da haƙƙin wani a wuyansa, ya tashi ya nemi mai shi yau, tun yana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka gina birnin nan da gaskiya. Allah ya sa albarka a hannun masu aikin amana, tsofaffinsu da yaransu. Allah ya raba mu da girman kai da cin haƙƙin maƙwabci, kada ya ɗauki ranmu da nauyin wani a kanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.